Kada Ki Sa wa Zane Suna

Abakpa, Kaduna.

Lami,

Kada ki buɗe takardar nan a cikin mota, kada kuma ki karanta ta wata ƙawa na leƙe ta bayanki. Ki bari sai kin isa Zariya, kin ajiye kaya, kin yi salla, sannan ki nemi wuri ki zauna ke kaɗai. In kin gama, ban yarda ki nuna wa kowa ba.

Bayan haka, assalamu alaikum. Ina roƙon Allah Ya sa kin sauka lafiya, Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da abokan zama masu tsoronSa, Ya raba ki da sharrin baki, naki da na wasu. Babanku yana sa miki albarka. Bai san na rubuta wannan ba.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne tsofaffin jaridun nan da kika kwashe daga ƙasan akwatina, waɗanda na shimfiɗa a ƙarƙashin zannuwana. Da kika tambaye ni na ce ki ɗauka, saboda Babanku yana zaune a wurin, ban so mu ja magana a gabansa ba. Kin ce zanen barkwancin da ke cikinsu kike so, wai ɗaliban tarihi a jami'a suna da ƙungiya, za ki tsaya a gabansu ki nuna yadda masu zane suka riƙa yi wa shugabannin da habaici. Da kika ga na ɓata rai sai kika ce, "Umma, ai tarihi ne. Waɗanda aka zana ɗin wasu sun mutu, wasu sun sauka tun ina goye."

Na tashi na shige ɗaki. Amma washegari da safe na fito daga ɗaki na same ki a tsakar gida, kin baje takardar da aka ƙunso ƙosai, ƙannenki sun kewaye ki, kin ɗora yatsa a kan wani zane kina yi musu bayani suna dariya. Na tsaya ina kallonki. Yatsan nan na san shi, da karkata kan nan, da yadda kika ɗan dakata kafin ki faɗi abin da zai ba su dariya. Nawa ne duka. Tun ranar barcina bai cika ba. Soja ke mulki, Lami, kuma ke kin san ana korar ɗalibai, ana ɗauke wasu iyayensu ba su san inda aka kai su ba. Don haka zan gaya miki abin da ban taɓa gaya miki ba, ki karanta da hankalinki.

A sakandare na koyi karanta zane. Muna da wata malamar tarihi da kan zo da jaridun lokacin neman 'yanci, ta liƙa zane a allo, ta hana mu dariya sai mun amsa tambayoyinta. Wa aka zana ƙato, wa aka zana ƙanƙane? Me ke hannun kowa? Wa ke magana, wa aka rufe wa baki? Takan ce mu bar tsakiyar zanen mu duba lungu, domin mai zane yakan ɓoye ainihin maganarsa a jikin wani ɓera ko akuya da ya ajiye a gefe. Duk ajin babu wadda ta kai ni. Ilmi ne mai kyau, ba na musu. Laifina shi ne na mayar da shi abin ado, kamar awarwaro.

Da aka kawo ni gidan Babanku, a layinmu ni kaɗai ce macen da ke karanta Turanci ba da gargada ba. Kin san masu tsire da masu gyaɗa da tsohuwar jarida suke ƙunshi. To, duk matar da ta warware ƙunshi ta ga zane sai ta aiko a kira ni, ko ta shigo da kanta tana cewa, "Matar tela, zo ki gaya mana me wannan mai tumbin yake faɗa." Sai in goge hannu in zauna, su kewaye ni. Ina jin daɗin hakan fiye da yadda ya kamata. Har na koyi jan rai, in yi shiru sai sun matsu, sannan in sako maganar su fashe. Ba don su fahimci halin da ƙasa take ciki nake yi ba, don a ce matar tela ta iya nake yi. Kuma sau da yawa ba aikin mutumin muke yi wa dariya ba, hancinsa ne, ko wushiryarsa, ko gajartarsa.

Ki raba waɗannan biyun a ranki tun yanzu. Zanen da ya nuna hannun shugaba a cikin aljihun talaka, aikinsa ya taɓa, kuma yana da damar ya daina. Zanen da ya ja leɓensa har ƙirji, halittar Allah ya taɓa, kuma wanda ya yi dariya ya shiga cikin alhakin. Mai zane yana ƙara girman hanci ne don a gane mutumin ba tare da an rubuta sunansa ba. Wannan dabarar aikinsa ce, ba ita ce maganar ba. In kin tsaya a kan hancin, ba ki karanta komai ba, gulma kawai kika yi. Sannan duk sanda kika miƙe za ki yi magana a gaban mutane, ki tambayi zuciyarki ko ilmi za ki bayar ko tafi kike nema. Idan kin ji daɗin tafin ya fara shiga kanki, ki zauna.

Kuskurena na biyu a kan Maman Bose ne, maƙwabciyarmu mai sayar da atamfa, wadda ta yi mini wankan jegon haihuwarki tare da kakarki. Wata rana na samu zanen da aka yi wa wani babban ɗan siyasar mutanensu, na kai mata har ɗaki ina dariya. Ta duba, ta miƙo mini takardar. Bayan 'yan kwanaki ta aiko ɗiyarta da wata jarida ta can Kudu, an zana namu ɗan siyasar, da rawani, yana barci a kan buhun gyaɗa. Na wuni ina huci, ina cewa wannan raini ne. Sai da na huce na ga ai ƙwarya ɗaya ce muka sha da ita. Nata na kira shi gaskiya, nawa na kira shi cin mutunci. Mun shirya daga baya, amma ba mu koma kamar da ba har suka tashi. Saboda haka kafin ki yaba wa zane, ki duba jaridar ta su waye, a wane gari aka buga ta, wa mai ita yake goyon baya. Mai zane ma albashi yake ci. A jami'a za ki zauna ɗaki ɗaya da 'ya'yan kowane yare da kowane addini. Kada ki kai wa kowa zanen shugabansu kina dariya.

Yanzu ga babbar maganar.

Kina ajin ƙarshe na firamare aka yi sunan ɗan Gwaggonki Asabe a Mando. Kin san unguwar, rabin masu haya a nan ma'aikatan kaki ne da iyalansu. A lokacin kusan duk aikin Babanku daga can yake zuwa. Shi ke ɗinka wa gidajen manya labule da rigunan kujera da kayan makarantar 'ya'yansu, yana shiga har falo ya auna taga. Da wannan aikin muke ci, da shi aka sa ki a makaranta.

Bayan azahar muna ɗakin mai jego, ɗaki cike da mata, wasu na sani, wasu ban taɓa gani ba. Aka shigo da tiren cincin an shimfiɗa masa tsohuwar jarida. Da cincin ɗin ya ragu sai zane ya bayyana, mai ya ɗan jiƙa shi. Na san zanen, na zamanin farar hula ne, kafin soja su karɓa. Wata babbar mota ce an ɗora ta a kan duwatsu, ba ta da taya ko ɗaya. Fasinjoji sun cika ta maƙil da kayansu da awakinsu. Direba da babbar riga ya riƙe sitiyari, ya leƙo ta taga yana ce musu su ƙara haƙuri, an kusa isowa. A can lungu kuma ga tayoyin huɗu an jera a ƙofar wani gida mai bene.

Gwaggonki ce ta fara, ta ce ga 'yar boko nan, a ba ta ta fassara mana. Na ɗauki takardar. Na ce motar ita ce ƙasa, fasinjojin mu ne, tayoyin kuma dukiyar da za a yi tafiya da ita ce, ku duba ƙofar da aka ajiye su. Na gaya musu wanda aka zana, mutumin da ya riga ya sauka, ba mai tsoronsa. Aka yi 'yar dariya kaɗan, irin ta ladabi. Da na tsaya a nan da shi ke nan.

Sai wata daga bakin ƙofa ta ce, "To ai har yau motar ba ta tashi ba. Yanzu wa ke tuƙin?"

A lokacin shugaban soja ya sha yin alkawarin miƙa mulki yana ɗage ranar. Kowa a ɗakin ya san amsar, ba wadda ta buɗe baki. Ni kuwa na ga dariya ta zo har bakin ƙofa tana jirana. Na sa babban yatsa na rufe hular direban, na ce ku cire wannan ku ɗora masa ta kaki. Sannan na faɗi sunan. Cikakke, da muƙaminsa, har na kwaikwayi muryarsa yana cewa a ƙara haƙuri. Ɗakin ya kece da dariya har mai jego tana riƙe ciki. Na naɗe takardar na dawo gida da ita ina jin kaina a sama.

Ki tsaya a nan ki lura, domin wannan ita ce amsar maganarki ta cewa tarihi ne. Ba wanda ke yi wa matacce dariya har ya riƙe ciki. Tsohon zane in ya ba da dariya sosai, to ya dace da wani mai rai ne, kuma kowa a wurin ya gane. Wanda ya zana motar nan ya fi ni wayo. Bai rubuta sunan kowa ba, ko nasa ma na aro ya sa a ƙasa. In an kama shi zai ce mota ya zana. Jaridar za ta ce tsohuwa ce. Matan da suka yi dariya za su ce cincin suke ci. Mutum ɗaya ne a duk lamarin ya faɗi suna da bakinsa a gaban shaidu, shi ne mai fassara. Aikin da kike shirin ɗauka ke nan.

Ba a yi mako ba wasu mutane cikin farin kaya suka zo shagon Babanku da hantsi, suka ce ya zo ya auna wani labule. Ya ɗauki tef ɗinsa ya bi su. Bai dawo ranar ba, bai dawo washegari ba. Mun ce muku ya tafi Rigachikun gaisuwar rasuwa, kika yi ta tambaya me ya sa bai tafi da carbinsa ba. Ba ni suka zo nema ba, domin a ganinsu mace ba za ta san irin wannan magana ba sai in a bakin mijinta ta ji, kuma ga shi yana shiga gidajen manya, ga shagonsa maza na zama hira. Ilmin da nake taƙama da shi, ko darajar a tuhume ni da shi ba a ba ni ba. Shi aka ɗora wa, mutumin da bai taɓa karanta jaridar Turanci ba.

Har yau ban san wadda ta kai maganar ba. Wataƙila ma ba da mugunta ba ne, ta je gida ta ba mijinta labari don ya yi dariya, shi kuma ya ba wani. Na shekara ina duban fuskar kowace mace da ta halarci sunan nan ina zarginta a zuci, har da Gwaggonki, Allah Ya yafe mini. Saboda haka kada ki ce ai duk ƙawayena ne a wurin. Magana ba ta bukatar maƙiyi kafin ta yi tafiya, masoyi ma yana kai ta.

Akwai wanda ya fi wannan muni, kuma shi ne nake jin nauyin rubutawa. Tsakanin ranar suna da ranar da aka zo, ina da dama in gaya wa Babanku abin da na yi. Tun a hanyar dawowa jikina ya ɗan yi sanyi, na tuna akwai baƙin fuskoki a ɗakin. Amma na yi shiru don kada ya yi mini faɗa. Sai ya tafi bai san komai ba. Da dattawan unguwa suka yi ta shiga da fita aka sako shi, ya dawo an aske masa kai, yana tafiya a hankali. Abin da ya fara tambaya shi ne ko yara sun ci abinci. Da muka keɓe ya ce, "Suna ta tambayata wata mota marar taya. Na ce musu ni keken ɗinki gare ni."

A nan na durƙusa na gaya masa. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Da kin faɗa mini tun ranar, da na san abin da nake ba su haƙuri a kai." Bai ƙara ba, kuma bai sake tayar da zancen ba har yau. Aikin Mando ya tsaya cak. Ciwon bayan da kike gani yana hana shi daɗewa a kan keke, kina sayo masa man zafi, daga can ya samo shi. Kin sha ganin in an kawo tsire ya warware ya ga zane, sai ya kife takardar. Kuna cewa tsabta ce. Ba tsabta ba ce.

Darasin a fili yake. In kin yi kuskure, ko kin ji kin faɗi abin da bai kamata ba, ko wani baƙo ya fara tambayar ɗakinku, kada ki jira. Ki shiga motar Kaduna a ranar ki zo ki gaya mana. Zan yi miki faɗa, wannan babu shakka, amma faɗana ba ya karya baya.

Za ki ce to me ya sa ban ƙone jaridun ba. Na yi niyya. Na kai su har bakin murhu na dawo da su, na shimfiɗe a ƙasan akwati na ce ai maganin danshi ne. Ƙarya nake yi wa kaina, sonsu nake yi. Kuma tun kafin abin ya faru, ni ce nake ɗora ki a cinya ina ce miki duba lungu, Lami, me kika gani. Ni na koya miki rabin aikin, na ɓoye miki sauran rabin. Shi ya sa ba zan ce ki bar karatunki ba, ba ni da bakin faɗar haka. Ya kamata a san yadda mutanen da ba su da bindiga suka riƙa faɗa wa masu mulki gaskiya da alƙalami, kuma na san za ki iya fiye da ni.

Amma ga iyaka. Ki rubuta wa malaminki abin da zanen yake nufi a zamaninsa, da wanda aka zana, da jaridar da ta buga, da dalilinta. Nan aikin ɗalibar tarihi ya ƙare. In kin tsaya a gaban ƙungiyar nan taku, ki sani wani zai ɗaga hannu daga baya ya ce, wa wannan ya yi kama da shi yanzu? Wallahi sai an tambaya. Wataƙila yaro ne mai neman raha, wataƙila kuma an biya shi ya zauna a wurin, ba za ki iya bambancewa ba. Ki ce ke a kan wancan zamani kika yi bincike, ki naɗe takardunki. Kada ki yi murmushi, kada ki ɗaga gira, kada ki rufe hular kowa da yatsa. Za su ce ke matsoraciya ce. Ki bar su su faɗa, ba su ne za su tsaya a ƙofar ofis suna roƙo ba. Kada ki ara wa kowa jaridun nan, domin za a je a buga kwafi a liƙa a bango a ƙara rubutu a ƙasa, in aka bi sawu a same su a akwatinki. Zanen motar yana cikinsu, na ga kin ware shi gefe. Shi kam ki dawo mini da shi hutun farko.

Lami, ke ce 'yar fari. Kin san tun da aka raɗa miki suna ban taɓa kiran sa da bakina ba, ko a gabanki ko a bayanki. Ranar da aka haife ki nake kiran ki da ita. Ko a takardar makaranta Babanku nake miƙa wa ya rubuta. Mutane suna cewa kunya ce, haka ne, amma ni a wurina har da tattali, abu ne da na adana. Ni da na iya riƙe sunan 'yata shekara da shekaru, na kasa riƙe sunan wani ƙato na minti ɗaya saboda mata su yi dariya. Yanzu kullum in aka fara labaran rana a rediyo, aka ce ga sunayen ɗaliban da aka kora ko aka tsare, sai in ajiye abin da ke hannuna. Sunan da ban taɓa faɗa ba, kada ki sa in ji shi a bakin mai karanta labarai.

Allah Ya tsare ki gaba da baya, Ya ba ki ilmi mai amfani, Ya sa wa harshenki linzami, Ya rufe idon azzalumi daga kanki, Ya dawo mana da ke lafiya da takardarki a hannu. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki gaida matar kawunki in kin samu shiga gari.

Zan tara ƙannenki bayan tafiyarki in gaya musu, ke ma ina gaya miki, domin ko kina Zariya 'yar gidan nan ce. Daga yau a gidan nan za a iya kallon zane, za a iya gane shi, wanda dariya ta kama ya yi abarsa a ciki. Amma babu mai ɗora yatsa a kai ya faɗi sunan mai rai, ko a tsakar gida, ko a gidan biki, ko a makaranta. Wanda ya karya, kafin rana ta faɗi ya zo ya faɗa wa Babanku da bakinsa.

Mahaifiyarki.